Yadda Jami'in Ɗaukar Ɗalibai a Kwalejin Koyon Sana'a Zai Yi Aikinsa Bisa Ƙa'ida a Jihar Kebbi

Kwalejojin koyon sana'a masu zaman kansu, musamman na fannin kiwon lafiya, sun yawaita a garuruwanmu cikin 'yan shekarun nan, kuma duk uban da ya je nema wa ɗansa ko ɗiyarsa gurbin karatu a ɗaya daga cikinsu, mutumin da yake fara haɗuwa da shi shi ne jami'in ɗaukar ɗalibai. Abin da wannan jami'i ya faɗa shi uban yake komawa gida da shi, a kansa kuma yake sayar da buhunan shinkafarsa ko ya ci bashi domin biyan kuɗin makaranta. Saboda haka na rubuta wannan jagora domin masu riƙe da wannan kujera a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri, Zuru da sauran garuruwan jihar, kuma ginshiƙinta guda ɗaya ne: kada jami'i ya faɗa wa mai neman gurbi maganar da ba shi da takardar da zai ajiye a kan tebur ta gaskata shi. Abin da zai biyo baya bayani ne a kan waɗannan takardu, inda ake samunsu, da yadda ake aiki da su.

Wace hukuma ce ke da iko a kan wane kwas

Abu na farko da ya wajaba jami'i ya fahimta shi ne, ba hukuma ɗaya ce ke kula da kwaleji ba, kuma amincewar wannan ba ta wadatar da rashin amincewar waccan. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ce ke sa ido a kan kwalejojin kimiyya da fasaha da makarantun da ke bayar da ƙaramar difloma ta ƙasa, ND, da babbar difloma, HND. Kwalejojin horar da malamai masu bayar da NCE suna ƙarƙashin hukumar NCCE, digiri kuwa hurumin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ne, wato NUC. Hukumar JAMB, wadda ta fara aiki a 1978, ita ce ƙofar da ɗalibi yake bi ya shiga karatun ND, NCE ko digiri.

A fannin lafiya akwai mataki na biyu wanda sau da yawa ya fi na farko tasiri a rayuwar ɗalibi, wato majalisun da ke bayar da lasisin aiki. Aikin jinya da ungozoma suna hannun NMCN. Ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda ake kira CHEW masu karatun shekara 3 da JCHEW masu shekara 2, suna hannun CHPRBN. Masu aikin ɗakin gwaje-gwaje suna ƙarƙashin MLSCN, mataimakan masu haɗa magunguna suna ƙarƙashin PCN, duba-gari suna ƙarƙashin EHCON, masu adana bayanan marasa lafiya kuma HRORBN. Kwalejin da ke koyar da kwasa-kwasai 5 na lafiya tana iya buƙatar amincewar majalisu 5 daban-daban, ban da ta NBTE da izinin gwamnatin jiha.

Akwai takardar da ake yawan rataye ta a bangon ofis cikin firam mai kyau, wato shaidar rajistar kamfani ta CAC. Takarda ce ta gaskiya, kuma ana buƙatarta, amma abin da take shaidawa shi ne akwai kamfani mai wannan suna. Ba ta ce an yarda kamfanin ya horar da ma'aikacin jinya ko ya bayar da difloma ba. Jami'in da ya nuna wa uba wannan takarda ya ce masa makaranta tana da rajistar gwamnati, alhali ya san abin da uban yake tambaya shi ne ko takardar ɗansa za ta ci a wajen neman aiki, ya yaudare shi ko da kalmominsa ba ƙarya ba ne.

Babban fayil da yadda ake karanta takardar amincewa

Ranar da ka kama aiki, kafin ka sayar da fom ko guda, ka nemi magatakardan kwaleji ya ba ka kwafin kowace takardar amincewa da makarantar ta mallaka, ka buɗe musu fayil guda mai rabe-rabe, kowane kwas da sashensa. A cikin kowane sashe ka ajiye takardar NBTE idan kwas ɗin na difloma ne, da takardar majalisar da ke bayar da lasisi, da sharuɗɗan shiga kwas ɗin kamar yadda majalisar ta wallafa su, da jadawalin kuɗin makaranta mai ɗauke da sa hannun hukumar kwaleji. A gaban fayil ɗin ka sa sanarwar taron JAMB na tsayar da maki da shekarun shiga na shekarar da ake ciki, da kalandar karatu, da littafin dokokin ɗalibai. Idan aka ce maka wata takarda tana gidan mai makaranta ko tana kan hanya daga Abuja, to ka ɗauka babu ita har sai ka riƙe ta da hannunka, kuma kada ka sa wannan kwas cikin waɗanda kake tallatawa.

Mallakar takarda ba ta isa ba sai an iya karanta ta, kuma a nan ne jami'ai masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Ka fara duba sunan kwas ɗin da aka rubuta, harafi bayan harafi, domin amincewa da kwas ake yi, ba da makaranta baki ɗaya ba. Kwalejin da aka yarda ta koyar da lafiyar al'umma ba ta samu izinin koyar da ungozoma ba don kawai gini ɗaya ne kuma malamai ɗaya ne. Sai ka duba mataki: izinin ND bai haɗa da HND ba, kamar yadda izinin JCHEW bai haɗa da CHEW ba. Sai ka duba irin amincewar. Hukumomi kan fara zuwa duba kayan aiki da malamai, su bayar da izinin fara ɗaukar ɗalibai, daga baya kuma su dawo tantance kwas ɗin. A tsarin NBTE cikakkiyar amincewa tana ɗaukar shekara 5, ta wucin gadi kuma shekara 2, kuma ana iya hana amincewar gaba ɗaya. Wasiƙar da ta ce an karɓi takardar neman izini, ko ta ce tawaga za ta zo ziyara ranar kaza, ba amincewa ba ce, ko da tana ɗauke da tambarin hukuma da sa hannun babban jami'i. Bayan haka ka duba ranar da amincewar ta fara da ranar da za ta ƙare, ka rubuta ta biyun da jan biro a bangon fayil, ka kuma lissafa ko ɗalibin da za ka ɗauka bana zai kammala kafin wa'adin ya cika; idan ba zai kammala ba, ka tambayi hukumar kwaleji a rubuce matakin da ta ɗauka na sabuntawa. Ka kuma duba adireshin da ke jikin takardar, domin izinin da aka bai wa harabar Birnin Kebbi ba ya bin makaranta zuwa reshen da ta buɗe a Kamba ko Koko.

Abu na ƙarshe a jikin takardar, wanda a ganina ya fi kowanne haɗari, shi ne adadin ɗaliban da aka yarda a ɗauka. Majalisun lafiya suna ware wa kowace makaranta yawan guraben da suka dace da ajujuwanta, malamanta da asibitocin da ɗalibanta za su je koyon aiki, kuma bayan an ɗauki ɗalibai sai a aika sunayensu majalisa ta shigar da su rajistarta ta ba kowa lamba, abin da ma'aikata ke kira indeksin. Ɗalibin da ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar majalisa ba, wanda bai zauna jarrabawar ba kuwa ba shi da lasisi, kuma babu asibitin gwamnati da zai ɗauke shi aiki bisa ƙa'ida. Mu ɗauka an ba kwaleji gurabe 50 ta ɗauki 120. Su 70 ɗin da suka yi rara za su sa farin kaya su shiga aji tare da sauran, su biya kuɗi iri ɗaya, ba za su san halin da suke ciki ba sai lokacin jarrabawa ya matso, a fara ce musu su jira rukuni na gaba, rukunin da shi ma an cika shi ya batse. Mafi yawan waɗanda wannan ke faɗawa a kansu 'yan mata ne da iyayensu suka yi ta fama kafin a bar su su ci gaba da karatu, kuma idan shekara 3 ta tafi a banza ba kasafai ake ba su dama ta biyu ba. Don haka ka buɗe rajistar ƙirga ga kowane kwas, ka sa lamba a gefen kowane suna, kuma da zarar lambar ta kai adadin da ke jikin takarda ka ja layi ka sanar da magatakarda a rubuce cewa gurabe sun cika.

Kada ka dogara da kwafin da aka ba ka kaɗai. NBTE tana wallafa kundin makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet, majalisun lafiya ma suna da jerin makarantun da suka sani, JAMB kuma tana da manhajar IBASS inda ake ganin kwasa-kwasan kowace makaranta da darussan da ake buƙata. Ka nemi sunan kwalejinka a waɗannan wurare da kanka, ka buga shafin, ka rubuta ranar da ka duba. Idan abin da ke intanet ya saɓa wa abin da ke fayil, ka dakatar da sayar da fom na wannan kwas har a warware.

JAMB da manhajar CAPS

Tun 2017 JAMB ta ɓullo da manhajar CAPS ta bayar da gurbin karatu, kuma matsayinta a bayyane yake: duk gurbin ND, NCE ko digiri da aka bayar ba ta cikin wannan manhaja ba, ba ta san da shi ba. Tsarin yana tafiya ne mataki-mataki. Jami'in ɗaukar ɗalibai yana gabatar da sunayen waɗanda suka cancanta, shugaban makaranta ya amince ya tura, jami'in JAMB ya duba ya sahale, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓi gurbin ko ya ƙi, ya kuma buga takardar gurbinsa ta JAMB. Wasiƙar da kwaleji ta buga a kan takardarta mai tambari ba ta maye gurbin wannan, kuma bai kamata a miƙa ta ga ɗalibi ko a karɓi kuɗin karɓar gurbi ba kafin sunansa ya fito a CAPS.

A da, makarantu kan ɗauki ɗalibai ta bayan fage su ce daga baya za a daidaita musu, kuma har yanzu za ka ji ana faɗa wa iyaye haka. A watan Agusta na 2024 JAMB ta bai wa makarantu wata 1 su bayyana duk irin waɗannan ɗalibai da suka ɗauka, ta kuma sanar da cewa ta rufe wannan ƙofa. Illar ba ta bayyana nan take, sai ɗalibi ya gama ND ya je neman HND ko shiga jami'a kai tsaye, ko ya gama HND ya zo rajistar yi wa ƙasa hidima a nemi sunansa a jerin JAMB a rasa. Idan mai neman gurbi bai zaɓi kwalejinku ba lokacin da ya cike fom, hanyar da ta dace ita ce ya je ofishin JAMB na Birnin Kebbi ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da hukumar ta amince da ita ya canza makaranta, ya kuma ɗora sakamakon jarrabawarsa ta kammala sakandare a can, domin wanda bai ɗora sakamako ba ba a iya ba shi gurbi a manhajar.

Mafi ƙarancin maki da shekarun shiga suna fitowa ne daga taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu kowace shekara, kuma suna canzawa. A taron 2025 an tsayar da maki 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na horar da malamai, tare da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Shekara ɗaya kafin nan an yi ta kai ruwa rana a kan ko 18 ce ko 16. A watan Oktoba na 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sassauta yawan kiredit da ake nema domin shiga wasu matakan karatu, ciki har da ND. Na kawo waɗannan ne domin a ga cewa jami'in da ke aiki da abin da ya haddace shekara 3 da suka wuce zai yi kuskure ba tare da ya sani ba. Sanarwar bana ita ce abin aiki, ta bara kuma a mayar da ita bayan fayil. Kuma sassaucin ma'aikata bai shafe sharaɗin majalisar da ke bayar da lasisi ba; idan sharuɗɗa biyu suka haɗu a kan kwas ɗaya, ka bi wanda ya fi tsauri.

Tantance takardun mai neman gurbi

Ga aikin jinya, sharaɗin da aka sani shi ne kiredit 5 a Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama bai wuce 2 ba, kuma yawancin kwasa-kwasan lafiya suna kusa da haka. Sakamakon na iya zuwa daga WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS ta ɗaliban makarantun Arabiyya da Islamiyya, amma ka duba takardar sharuɗɗan kwas ɗin ka ga waɗanne ta lissafa da kuma waɗanda ta yarda a haɗa. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko wane ne ya rako ɗalibin. Takardar da aka buga a shagon kwamfuta ba hujja ba ce. Ka sa ɗalibi ya zo da katin duba sakamako na WAEC ko lambar dubawa ta NECO, ka buɗe shafin hukumar da kanka a gabansa, ka buga, ka sa hannu da kwanan wata.

Matsalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a wannan yanki ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. Za ka ga yarinya a takardar firamare sunanta Hauwa'u, a WAEC Hauwa, a katin NIN Kulu, sunan mahaifi ya koma na kaka a wata takardar, sunan gari kuma ya shigo a wata. Tun 2021 JAMB take ɗauko bayanan ɗalibi daga NIN, saboda haka duk abin da ke can shi zai bi shi har ƙarshen karatu. Ka jera takardun huɗu a kan tebur, wato NIN, takardar JAMB, sakamakon sakandare da shaidar haihuwa, ka bi su da yatsa. Idan ka ga bambanci, ka tura ɗalibi ya gyara a hukumar da ta yi rajistar tun kafin a aika sunansa majalisa, domin takardar rantsuwa ta kotu tana bayyana saɓani ne kawai, ba ta canza abin da ke cikin kwamfutar hukuma. Kai kuma kada ka taɓa gyara wa kowa shekara ko harafi da hannunka.

Kasancewar jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, wani lokaci akan zo da takardun makarantun can. Waɗannan ba jami'in kwaleji ke yanke hukuncin darajarsu ba, akwai sashen tantance takardun ƙasashen waje a ma'aikatar ilimi ta tarayya, can za a tura mai su.

Abin da za ka faɗa da abin da ba za ka faɗa ba

Tambayoyin iyaye ba su da yawa, kusan guda huɗu ne suke maimaituwa, kuma ya kamata a ce kana da amsar kowacce a rubuce tun kafin a yi ta. Dattijo zai zauna a gabanka ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "Malam, in ɗiyata ta ƙare, gwamnati za ta ɗauke ta aiki?" Amsar da ta dace ita ce, "Baba, aiki ba a hannunmu yake ba, kuma ba zan yi maka alkawarinsa ba. Abin da zan iya nuna maka shi ne wannan takarda, wadda ta ce majalisa ta yarda mu koyar da wannan kwas, ta ba mu gurabe kaza. Idan ɗiyarka ta shiga cikinsu, ta ci jarrabawar majalisa, za ta samu lasisin da ake neman aiki da shi a ko'ina cikin ƙasar nan." Sai ka juya takardar ta fuskance shi, idan ba ya karanta boko ka karanta masa ka fassara, ko ka bar wanda ya rako shi ya karanta. Wannan amsa ba ta kai alkawari daɗin ji ba, amma magana zarar bunu ce, kuma wanda ka yi wa alkawarin aiki zai dawo bayan shekara 3 da kalmominka a bakinsa.

Tambaya ta biyu ita ce ta bautar ƙasa. Masu digiri da masu HND na cikakken lokaci ne hukumar NYSC ke tura wa hidima, wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ana ba shi takardar yafewa, masu karatun wucin gadi kuma ba a tura su. Mai ND kaɗai ko mai takardar CHEW ba ya tafiya, kuma kafin mai ND ya shiga HND ana neman ya yi shekara 1 ta koyon aiki ya kuma fita da sakamakon da ya kai matakin da ake buƙata. Ta uku ita ce ta bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Jami'in kwaleji mai zaman kanta bai kamata ya sa shi cikin lissafin da yake yi wa uba ba. Ta huɗu ita ce ta haɗin gwiwa da jami'a, inda ake cewa ɗalibi zai ƙara shekara kaɗan ya samu digiri. Idan jami'ar ta gida ce, ka nemi takardar yarjejeniya da amincewar NUC. Idan ta ƙetare ce, ka tuna cewa a watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, kuma daga baya ta ce jami'o'i 5 kawai ta sani a Benin, 3 a Togo. Mu da muke maƙwabtaka da Benin mun fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Duk abin da aka faɗa game da baki ya hau kan talla. Sanarwar rediyo, ƙyallen da aka rataya a shatale-tale, takardar da ake rabawa a ƙofar masallacin Juma'a da saƙon da ake turawa a WhatsApp da Facebook, dukkansu maganar kwaleji ce, kuma ya kamata su bi ta teburinka kafin su fita. Ka goge kowane kwas da ba shi da sashe a fayil ɗinka, ka goge kalmomi irin su tabbacin aiki ko cikakkiyar amincewa idan ta wucin gadi ce a hannu. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da abin da ake sayarwa, kuma karɓar kuɗi da bayanin ƙarya, laifin da kowa ya sani da 419, dokar 2006 ta tanadar masa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Wanda ya furta maganar ya karɓi kuɗin shi ake fara nema, ba mai makarantar da ke zaune a wani gari ba.

Haka nan batun dillalai. Kwalejoji da dama suna da mutane a ƙauyuka da makarantun sakandare masu kawo ɗalibai a ba su la'ada a kan kowane kai, kuma wanda abincinsa ya rataya a kan yawan kawunan da ya kawo zai faɗi duk abin da zai sa uba ya yarda. Ni ban ga alherin wannan tsari ba, amma idan hukumar kwaleji ta nace a kansa, to a rubuta sunayen dillalan, a ba kowa takarda guda mai ɗauke da abin da aka yarda ya faɗa, a hana su karɓar ko sisin kwabo, kuma duk ɗalibin da suka kawo ka tambaye shi a gaban waliyyinsa abin da aka gaya masa, ka gyara abin da ba daidai ba kafin ya biya.

Kuɗi da sirrin ɗalibai

Ka ba uba jadawalin kuɗi na dukkan shekarun karatu a takarda ɗaya, har da kuɗin indeksin, na jarrabawar majalisa, na kayan sawa, na zuwa koyon aiki asibiti da na ɗakin kwana, domin manomin da ya san abin da ke gabansa zai tsara shi a kan kakar damina da ta rani, wanda aka ɓoye wa kuwa a tsakiyar hanya yake tsayawa. Biya ya kasance ta asusun kwaleji a banki, a bayar da rasit mai lamba, kada kuɗi ya shiga asusunka ko na wani ma'aikaci ko da na sa'a ɗaya ne. Kuɗin tantancewa bayan jarrabawar JAMB an ƙayyade shi tun 2017 kada ya wuce naira 2,000. Ƙa'idar mayar da kuɗi ga wanda ya fasa ta kasance a rubuce, ɗalibi da waliyyinsa su sa hannu.

Fom ɗin da ke teburinka yana ɗauke da lambar NIN, lambar waya, hoto da wani lokaci sakamakon gwajin lafiya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ɗora wa kwaleji alhakin tsare su. Ka karɓi abin da ake buƙata kawai, ka kulle fayiloli a kabad, kada ka tura jerin sunaye da lambobin waya a zauren WhatsApp, kada kuma ka ba wani lambar ɗaliba don ya ce shi ɗan uwanta ne. Wanda bai kai shekara 18 ba ana neman yardar mahaifi ko waliyyi. Lambar sirrin shiga shafin JAMB ta ɗalibi ce, kada ka karɓa, kada ka karɓar masa gurbi da hannunka.

Idan matsi ya zo daga sama

Zai zo, domin kwaleji mai zaman kanta da kuɗin ɗalibai take biyan albashi, kuma akwai ranar da mai makaranta ko wani mai faɗa a ji zai aiko da suna bayan ka ja layi. Ba a buƙatar faɗa ko ɗaga murya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, gurabenmu a wannan kwas sun cika bisa takardar majalisa, ga ta nan. Idan akwai ƙarin da aka ba mu, a ba ni kwafi in sa a fayil, yau ɗin nan in shigar da shi." Sannan ka rubuta gajeriyar takarda zuwa ga magatakarda mai ɗauke da wannan bayani, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Sau da yawa akwai mafita ta halal da za ka iya gabatarwa: wani kwas ɗin da ke da sauran gurbi kuma yaron ya cika sharuɗɗansa, ko jiran zango mai zuwa, ko ba shi shawarar ya nemi makarantun gwamnati irin su Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, gwargwadon abin da yake son karantawa.

Bayan an rufe ɗaukar ɗalibai na shekara, ka zauna da magatakarda da shugabannin sassa ku haɗa jeri uku wuri ɗaya: na waɗanda suka biya kuɗi suke shiga aji, na waɗanda suka karɓi gurbi a CAPS, da na waɗanda aka aika sunayensu majalisa domin indeksin. Duk sunan da ya fito a jeri na farko bai fito a sauran da suka shafe shi ba, a kira ɗalibin da waliyyinsa cikin zangon farko a gaya musu matsayinsa, a gyara idan yana gyaruwa, a mayar musu da kuɗinsu idan ba ya gyaruwa. Kwafin jerin uku, da sa hannun waɗanda suka duba da kwanan wata, ya shiga sashen wannan kwas a babban fayil, a kuma rubuta a takardar miƙa aiki inda fayil ɗin yake da wanda ke riƙe da mabuɗin kabad, domin jami'in da zai gaje ka ya tarar da shi cikakke.